Tambaya da Amsa: Gangar Jikin Tocila ga Mai Son Haɗa Tasa da Hannu

Wasiƙun wannan karon yawancinsu a kan abu ɗaya suka faɗa, wato gangar jikin tocila da ake saye fanko, babu ƙwai babu allon wuta, mutum ya cika ta da abin da ransa ke so. Na zaɓi guda shida, na rage wa wasu tsawo.

Malam, barka da aiki. Ni mai gyaran waya ne, hannuna ya saba da dalma. Na gaji da tocilolin da ake rubuta wa lumen 10,000 (ma'aunin yawan haske) a kwali, a kunna su minti biyu su dusashe. Ina so in haɗa tawa. Wace gangar jiki zan saya mai ƙarko, wadda za ta ɗauki ƙwai mai ƙarfi, kuma ba za ta ƙarar mini da aljihu ba? An ce araha ba ta ado, shi ya sa nake ɗari-ɗari.
*Daga wani mai gyaran waya*

Barka kadai, ɗan'uwa. Wanda ya iya canza bakin caji a allon waya ba zai sha wahalar liƙa wayoyi biyu a allon ƙwai ba, don haka wannan ɓangaren na bar maka shi. Abin da nake so ka fara gyarawa shi ne yadda kake kallon gangar jikin. Yawancin mutane gidan batir suke ɗaukar ta. Alhali manyan ayyukanta biyu ne, kuma babu wanda ake rubutawa a kwali. Ita ke janye zafi daga ƙwan, ita ce kuma hanyar da wuta ke bi daga gindin batir ta koma kai.

Bari mu yi ɗan lissafi, don a nan amsar minti biyun nan taka take. Ƙwan LED mai ƙarfi, idan ka ba shi amfiya 3, yana cin kusan wat 10. Abin da ke fita a matsayin haske bai wuce kamar kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran wat 6 ko 7 zafi ne zalla, kuma daga ɗan wurin da faɗinsa bai wuce milimita 3.5 ba yake fitowa. Giram ɗaya na alminiyom yana buƙatar kusan jul 0.9 (wat ɗaya na daƙiƙa ɗaya shi ne jul ɗaya) kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Ka ɗauka ƙarfen tocilarka giram 60 ne, jul 54 ke nan a kowane digiri. Da wat 7, kusan kowane daƙiƙa 8 zafin zai hau digiri ɗaya. Cikin minti huɗu an doshi ƙarin digiri 30, sai ɗan abin da iska da tafin hannunka suka ɗebe. To wat 10 ke nan fa. Lumen 10,000 na gaskiya yana buƙatar wat 70 zuwa 100. Ka ga ko da ba ƙarya aka rubuta a kwalin ba, kuma galibi ƙaryar ce, ƙaramar tocila ba ta da inda za ta kai wannan zafin.

Hatta kamfanoni masu gaskiya, ma'aunin ANSI FL1 da aka fito da shi a 2009 suke bi, shi kuma daga daƙiƙa 30 bayan kunnawa yake auna hasken. Tsawon lokacin aiki kuma ana ƙirga shi har sai hasken ya sauko zuwa kashi 10 cikin ɗari na farkonsa. Babu ɗaya cikin lambobin biyu da zai gaya maka hasken da za ka gani a minti na goma. Wannan, girman ƙarfe da faɗin fatarsa ne ke yanke shi.

Saboda haka abu na farko da za ka duba shi ne mazaunin ƙwai. In tocila na hannunka, kwance kan, cire gilashi da kwanon haske, wato mazurarin nan mai ƙyalli da ke tura haske gaba, ka ɗaga allon da ƙwan ke zaune a kai da ɗan hantsaki. Dubi abin da ke ƙarƙashinsa. A jiki mai kyau za ka ga faranti na ƙarfe a shafe, mai kauri, sai ƙananan huda biyu da wayoyi ke bi. A na banza za ka ga rami ne a buɗe, allon ƙwan yana zaune a kan ɗan siririn baki kawai, tsakiyarsa inda zafin yake tana reto a iska. Irin wannan ko kyauta aka ba ka, kada ka sa masa ƙwai mai tsada. In kuwa ta intanet za ka saya, nemi hoton cikin kan. Mai sayarwar da ya ɗora hotuna goma na waje bai nuna ciki ko sau ɗaya ba, ni dai nakan wuce shi.

Mazaunin kala biyu ne. Akwai wanda aka sassaƙa tare da kan, ƙarfe ɗaya ne ba gaɓa, zafi yana wucewa kai tsaye zuwa waje. Akwai kuma na murɗawa, ɗan gajeren gwangwani na tagulla ko jan ƙarfe da ke ɗauke da ƙwai a sama, allon wuta a ƙasa, a murɗa shi cikin kai. Na farko ya fi a wajen zafi. Na biyu ya fi daɗin aiki, don za ka ciro shi gaba ɗaya ka ɗora a tebur ka yi liƙinka a sarari. Ga mai farawa da ba zai wuce amfiya 3 zuwa 5 ba, bambancin zafin bai kai ya hana shi barci ba.

Abu na biyu, girma na gama-gari. Allon da ke sarrafa wutar, wanda masu wannan sana'a ke kira direba, mafi yawa a kasuwa mai faɗin milimita 17 ne. Allon ƙwai kuma milimita 16 ko 20. Jikin da ya karɓi waɗannan, ko bayan shekara biyar za ka sami abin sa masa. Wanda kuwa aka yi wa direba mai wani girma nasa na daban, ranar da ya ƙone ranar tocilar ta zama abin danne takarda.

Abu na uku, ya kwance. Ka tabbata ba a zuba gam a tiredin kai ba, kuma direba da makunni zoben ƙarfe mai huda biyu ne ke riƙe da su, wanda za ka sa bakin hantsaki ka murɗe. Wanda aka danna da inji ko aka liƙe da gam ba don irinku aka yi shi ba.

In ka ce in kama suna, Convoy S2+ zan ce. Bututu ne miƙaƙƙe na alminiyom, tsawonsa kusan milimita 118, kaurinsa 24, yana cin batirin caji mai lamba 18650 guda ɗaya, direba 17, allon ƙwai 16, mazaunin ƙwai na murɗawa. Ana sayar da shi fanko, ana kuma sayar da kowane ɗan guntunsa daban: gilashi, kwano, makunni, zoben roba, har da gajeren bututu na batir 18350. Wannan samuwar kayan gyara ita ce ainihin ƙarkon da kake nema, ta fi kaurin ƙarfe muhimmanci. Ba shi da wani kyan gani na a zo a gani, kuma in ka matsa masa wuta zai yi zafi da wuri kamar yadda lissafinmu ya nuna. Amma a matsakaicin haske zai yi ta aiki har batir ya ƙare.

Ga abin da zan zuba masa da ni ne kai. Ƙwan Nichia 519A mai launin 4000K ko 4500K, wato farin haske matsakaici da bai karkata zuwa shuɗi ba, don yana nuna launin abu yadda yake, wanda mai bambance jar waya da ruwan ƙasa a cikin duhu zai gode masa. Allon ƙwan ya zama na jan ƙarfe, irin wanda tsakiyar ƙwan ke liƙe da ƙarfen kai tsaye babu rufi a tsakani. DTP ake rubutawa a jikinsa. Direba mai sauƙi, mai 'yan ƙananan guntaye na AMC7135. Kowane ɗaya yana ba da miliamfiya 350, takwas sun ba ka amfiya 2.8, shida sun ba ka 2.1, kuma da shida ma idonka ba zai ga wani babban bambanci ba, sai dai hannunka ya ji sauƙi. Man zafi ka shafa ɗan kaɗan, siriri har kana hango ƙarfen ta cikinsa. Aikinsa cike ƙananan ramuka ne, in ya yi kauri shi kansa ya zama shinge. Sai ka kula da abu ɗaya da ke kashe sababbin haɗi: kwanon haske na ƙarfe ne, in dalmarka ta yi tudu zai zauna a kan wayoyin biyu ya haɗe wuta. Ka kwantar da liƙin, ka rufe shi da ɗan tef na Kapton, wanda na san akwai shi a teburinka, ka sa ɗan zoben farin roba da ke daidaita ƙwai a tsakiyar kwano. Kafin ka sa batir, gwada da mita tukuna.

Batun araha kuwa, bututun alminiyom da injin sassaƙa ya fere ba abu ne mai tsada ba tun asali. Abin da ake biya a manyan tociloli suna ne da garanti da ƙira, kuma suna da amfaninsu ga wanda ba zai taɓa buɗe tasa ba. Kai da za ka buɗe ta tun ranar farko, garantin ya riga ya tashi.

Malam, abokina ya ce alminiyom na yara ne, masu abin a hannu jan ƙarfe ko taitaniyom suke saye. Na fara tara kuɗi. Wanne ya fi a cikin biyun?
*Daga wani ɗalibi*

Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Akwai ma'aunin da injiniyoyi ke auna saurin tafiyar zafi a cikin ƙarfe da shi. A kansa jan ƙarfe yana da kusan 390, alminiyom samfurin 6061 da ake yin yawancin tociloli da shi kusan 167, tagulla wajen 115, ƙarfe marar tsatsa 16. Taitaniyom ɗin da ake sassaƙa tocila da shi kuwa, kusan 7. Bakwai fa. Wato a cikin jerin nan kaf shi ne na ƙarshe a aikin da aka fi buƙata daga jikin tocila. Zafi yana taruwa a kai ya ƙi gangarowa, wajen ƙwai ya yi ta ƙuna alhali gindin yana da sanyi. Shi ya sa masu ƙera na taitaniyom da yawa ke saka masa tsakiya ta jan ƙarfe. Ga shi tiredinsa yana da gurzo, kana murɗawa kana jin kamar da yashi a ciki. Yana da kyau, ba ya tsatsa, ba ya lotsewa da sauƙi. In don ado ne, ba ni da ta cewa.

Jan ƙarfe ya fi shi hujja, amma ba kamar yadda ake zuzuta shi ba. Yana ɗauke zafi daga ƙwai da sauri, kuma a girma ɗaya yana riƙe zafi fiye da alminiyom da kusan kashi 40 cikin ɗari. Don haka za ka sami ƙarin ɗan lokaci a haske mafi ƙarfi kafin ya cika. Bayan ya cika fa? Zafin dole ya fita ta fata zuwa iska, kuma faɗin fatar bai canza ba. Hasali ma ƙarfe mai ƙyalli da aka goge ba ya fitar da zafi ta hanyar tururinsa sosai, baƙin alminiyom mai rufi ya fi shi nesa ba kusa ba. Sannan nauyin jan ƙarfe ya ninka na alminiyom sau uku da ɗoriya, 8.96 ne a kan 2.7. Yana da laushi, in ya faɗi bakinsa ya lotse. Launinsa kuma yana dusashewa ya bar maka wari a hannu, ko da yake wasu wannan tsufan launin suke so.

Inda jan ƙarfe ya cancanci kuɗinsa shi ne ƙarƙashin ƙwai, inda zafi ya matsu a ƙaramin wuri. Allon ƙwai na jan ƙarfe a cikin jikin alminiyom, shi ke nan ka kwashi amfanin duka biyun.

Tun da muna kan alminiyom, dubi rufinsa. Ba fenti ba ne, fatar ƙarfen ce aka mayar da ita mai tauri da wutar lantarki a cikin ruwan asid. Akwai mataki na II da na III. Na III, wanda ake rubuta wa HA III, ya fi kauri, yakan kai kusan maikiron 50, kuma ya fi jure gogayya da makullai a aljihu. Yawanci baƙi ne ko toka-toka ko ruwan ƙasa mai duhu. In ka ga ja mai sheƙi ko shuɗi garau, mafi yawa na II ne, zai koɗe a gefe-gefe da wuri. Koɗewar ba ta taɓa hasken, ido kawai take damu.

Malam, ina koyar da kimiyya, ni da ɗalibaina mun haɗa tocila guda uku. Biyu lafiya lau. Ta ukun tana ƙyaftawa, in aka ɗan buga ta sai ta canza matakin haske da kanta. Wani yaro ya ce mu kankare baƙin da ke kan tiredin gindi don wuta ta wuce sosai. Mu yi?
*Daga wata malamar makaranta*

Malama, sannu da ƙoƙari. Yaron ya yi tunani, don ya gane rufin nan ba ya wuce da wuta. Amma kada ku kankare. Da gangan aka bar shi. Ki kwance murfin gindi ki dubi bakin bututun ta ƙarshe, za ki ga siririn da'ira fari na ƙarfe tsirara. Ta nan kaɗai wuta ke bi, idan bakin ya dannu a kan zoben da ke cikin murfin. Amfanin haka shi ne in kika sassauta murfin kwata ɗin juyi, wuta ta yanke gaba ɗaya, tocila ba za ta kunna kanta a cikin jaka ba. Tocila mai ƙarfi da ta kunnu a jaka tana iya ƙona yadi. In kun kankare kun rasa wannan, kuma alminiyom tsirara a kan tsirara yana cin kansa, ya riƙa fitar da baƙin gari yana ɓata giris.

Ƙyaftawa da canza mataki duk abu ɗaya suke nunawa: wani wuri wuta tana yankewa na ɗan ƙiftawar ido, direba kuma yana ɗaukar hakan a matsayin an taɓa makunni. Ga gwajin da zai raba muku gardama, kuma darasi ne mai kyau ga yara. Cire murfin gindi, batir na ciki. Ɗauki guntun waya, ki taɓa baki ɗaya a gindin batir, ɗayan a farin da'irar nan. In haske ya tsaya cak, laifin na murfin ne. In ya ci gaba da rawa, yana kai. Ki yi da kanki, kada fuskar tocilar ta kalli idon kowa.

In a murfi ne, abin da na fi zargi shi ne zoben da ke riƙe da makunni ya saki. Sa hantsaki a hudojinsa biyu ki ɗaure. Wasu hagu ake ɗaure su, don haka in ya ƙi ta nan ki gwada ta can. Sai ki goge bakin bututun da zoben da ɗan auduga da sifirit. In a kai ne, duba zoben direba, sannan liƙin wayoyin biyu. Dalmar da ta yi dunƙule, ta yi fari-fari ba sheƙi, ba ta kama ba. Abu na ƙarshe shi ne batir gajere a bututu mai tsawo, sifirin bai danne shi sosai ba, ana bugawa yana ja da baya.

Za ki ji ana maganar liƙa 'yar waya daga kan sifirin zuwa gindinsa. Dalili shi ne sifirin na ƙarfe doguwar waya ce siririya da aka naɗe, tana hana wuta gudu, a amfiya mai yawa har takan yi zafi ta saki ta daina dawowa. A amfiya 2 ko 3 ba kwa buƙatar wannan. Sai an haura 5 ko 6 yake zama dole.

Malam, ni nisa nake so. Na ga masu kan da ake ja gaba da baya, a tara haske ko a baza shi. Ba su fi ba, tun da biyu ne a ɗaya?
*Daga wani mai gadin dare*

Yallaɓai, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kan da ke zamewa gaba da baya famfo ne: duk jan da ka yi, iska na shiga tana fita, da ƙura da danshi tare. Ba a iya toshe shi yadda ake toshe kan da ke zaune wuri ɗaya. Sannan ba shi da kwano. In ka tura gilashin gaba don ka tara haske, duk hasken da ya fita ta gefe yana faɗawa bangon ciki ya mutu a can, kaso mai yawa ke tafiya a haka. Abin da ke isa can nesa hoton ƙwan ne mai kusurwa huɗu, kewayensa duhu ƙirin, ba ka ganin inda kake taka ƙafa. Ga mai aikin dare wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Kuma mafi yawan masu araharsu su ne masu ramin nan a ƙarƙashin ƙwai da na yi wa mai gyaran waya bayani.

Nisa ba lumen ke kawo shi ba, kandela ce, wato ƙarfin haske a tsakiyar bugu. Abu biyu ke ƙara ta: kwano mai faɗi da zurfi, da ƙwai mai ƙaramar fuska. Ma'aunin FL1 yana lissafa nisa ne zuwa inda hasken ya ragu ya koma lus 0.25 (lus ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu ne), kimanin hasken farin wata cikakke. Da wannan lissafin, kandela 10,000 ta ba da mita 200, kandela 40,000 ta ba da mita 400. Ka lura, kafin nisa ya ninka sau biyu sai kandela ta ninka sau huɗu. Kuma a lus 0.25 ba za ka gane fuskar mutum ba, don haka duk nisan da ka gani a kwali, raba shi biyu ka sami wanda zai yi maka aiki.

Jikin da ya dace da kai shi ne irin C8. Convoy C8+ kansa ya kai kusan milimita 45, mazaunin ƙwansa haɗe yake da kai, yana da tsage-tsage a waje da ke ƙara masa fata, direba 17, allon ƙwai 20. Ka sa masa ƙwai mai shafaffiyar fuska marar ƙubba, kamar Luminus SFT-40, da kwano mai santsi. Kwano mai gurza-gurza kamar ɓawon lemo yana gyara siffar haske amma yana rage nisa. Abu ɗaya da ke buƙatar haƙuri: tsayin zaman ƙwai a gindin kwano. Rabin milimita yana iya mayar da tsakiyar haskenka zobe mai duhu a ciki. Sayi zoben daidaitawa na girman ƙwanka, shi SFT-40 milimita 5 ne kowane gefe, ka haska bango daga nesa kana gwadawa.

Ɗana, ina da tsohuwar tocila irin SureFire 6P tun zamanin ƙwan wuta. Jikinta garau yake. Za ta karɓi ƙwan zamani?
*Daga wani dattijo mai ritaya*

Ranka ya daɗe, za ta karɓa. Tun ƙarshen shekarun 1980 da 6P ta fito, girman ƙwanta da ake kira P60 ya zama ma'auni, har yau ana samun na LED da ake jefawa ciki kawai ba tare da dalma ba. Abu biyu za ka sani. An yi ta ne don batir CR123A guda biyu, bututunta ya yi wa 18650 kaɗan. 16650 ne ke shiga, kuma sai ka tabbata sabon ƙwan yana aiki da batir ɗaya. Na biyu, ƙwan wuta irin na da, mai zare a ciki, ba ya tsoron zafi, don haka ba a yi kan don ya rungumi abin da ke ciki ba. Sabon zai zauna sako-sako. Naɗe shi da siririn tef na jan ƙarfe ko takardar alminiyom har sai ya shiga da ɗan matsi, kuma ka zaɓi mai matsakaicin ƙarfi. Da sabon haɗi za ka fara, ba zan tura ka wannan hanyar ba. Tun da jikin yana hannu, raya shi.

Malam, na sayi batir 18650 an rubuta 9900mAh, ya ƙi shiga sosai, murfin ba ya rufuwa. Kuma jikin an ce IPX8 ne, zan iya nutso da shi?
*Daga wani mai karatu*

Ɗan'uwa, fara da ajiye batirin nan gefe. mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa ne, kuma babu 18650 mai 9900. Na ƙwarai daga manyan kamfanoni suna tsakanin 2500 da wajen 3500 ne. Samsung 30Q yana da 3000, Sanyo NCR18650GA yana da kusan 3500. Wanda ya yi ƙarya a lamba, ba ka san me kuma ya ɓoye a ƙarƙashin ledar ba.

Sunan batirin shi ne girmansa: kauri milimita 18, tsawo 65. Amma masu allon kariya a gindi, da masu bakin caji a jiki, sukan kai 69 ko 70, kuma sukan ɗan fi kauri. Ba kowane bututu ke ɗaukarsu ba. Kada ka matsa murfi da ƙarfi, za ka lotsa batirin ko ka fasa direba. In za ka yi amfani da marar kariya, ka tabbata direbanka yana kashe kansa in batir ya yi ƙasa, don bai kamata ya sauka ƙasa da bolt 2.5 ba. Ka kuma duba ledarsa kullum. Duk gwangwanin batirin nan ɓangaren wuta ne, in ledar ta yage a kafaɗa kusa da kai, ƙarfe ya taɓa, wuta za ta haɗe. Leda sabuwa ana samunta, da iskar zafi ake ɗame ta. In kana son ƙarin lokaci, sayi jiki mai cin 21700, irin wannan batirin yakan kai 5000.

Nutso kuwa, a'a. IPX7 na nufin zurfin mita 1 na minti 30. IPX8 ya wuce haka, amma mai ƙerawa ne ke faɗin zurfin da lokacin, kuma a kan tocilar da shi ya haɗa. Taka kai ka haɗa ta. Ruwan sama da faɗawa kwata za ta jure, in zobban roba suna wurarensu: ɗaya a gilashi, ɗaya a kowane bakin bututu, sai robar makunni. Na gilashin shi ne ke yawan zamewa lokacin ɗaure kai, ka leƙa ta gaba ka ga ya zagaye daidai bai leƙo ba. Shafa musu ɗan giris na roba, irin su Super Lube ko Nyogel 760G da masu wannan harka ke amfani da su. Man shafawa na jiki da baƙin man inji suna kumbura wasu robobin, ka bar su. Don shiga ƙarƙashin ruwa akwai tociloli na musamman masu zobe biyu ko uku a kowace gaɓa da gilashi mai kauri, irinsu za ka nema.